Almakashi a Rumfar Inabi

"Wa ya ba ka izini? Na ce wa ya ba ka izini?!"

Ihun mahaifiyarta ne ya fito da Desislava daga kicin da gudu, hannunta duk ƙullun burodi. Tsvetan ta gani a kan tsani da almakashi, rassan inabi zube a ƙasa, ita kuma Mama Radka tana tsaye a gindin tsanin.

 Desislava ce ta zaɓo shi da kanta daga birnin Plovdiv ya tsara musu tsakar gida, don su riƙa saukar da baƙi masu yawon buɗe ido. Ya zo auna fili, ya ƙare da auna zuciyarta, har maganar aure ta shiga. Komai ta gaya masa game da gidan, ban da abu ɗaya.

A ƙauyensu, ranar Waliyi Trifon, wadda manoman inabi ke bikinta duk shekara, maigida ne kaɗai ke fara sa wa inabin gida almakashi. Tun rasuwar mijinta Mama ta hana kowa taɓa rumfar, tana jiran ɗanta Kiril, yayan Desislava, ya dawo daga Jamus. Yau kuwa ranar ce.

"Goggo, rassan sun yi yawa ne," in ji Tsvetan yana saukowa. "Idan aka bar ta haka bana ba za ta..."

"Goggon wa? Ka ji min ɗan birni! An ce ka shirya duwatsu da furanni, ka zo ka naɗa kanka maigida? Mijina ne kai, ko ɗana?"

"Mama, bai sani ba..."

"Ke rufe min baki! Ke kika kwaso shi. Mutumin da ke zana itace a takarda kafin ya shuka, me zai sani?"

Mama ta wuce ɗaki ta bugo ƙofa. Desislava ta juyo kansa, ranta a ɓace.

"Sai da na ce komai za ka yi ka tambaye ni!"

"Kin ce in gyara tsakar gida, Desi. Rumfar a sama take ko a tsakar gida?"

"Kar ka raina min hankali! Aikin Kiril ne ka yi!"

"Kiril ɗin da ya ce miki ya sayi gida a can? Masoyiyata, har yaushe za ki ci gaba da rufa masa asiri, rumfa na mutuwa, tsohuwa na zuba ido a hanya?"

Ta ji kamar ta kwaɗa masa mari, don gaskiya ya faɗa, ita kuma ba ta son jin ta daga bakinsa.

Ƙofa ta buɗe. Mama ta fito da jakar kayan aikinsa ta jefar a gabansa.

"Ɗauki ka fita. Ke kuma zaɓi, ko shi ko ni. Idan ɗana ya dawo ya tarar..."

"Ba zai dawo ba!"

Maganar ta kufce mata da ƙarfi, har karen maƙwabta ya yi haushi.

"Ba zai dawo ba, Mama! Ya sayi gida, matarsa na da ciki, ya ce ni in san yadda zan gaya miki. Ni ke share gidan nan, ni ke kai ki asibiti, ni ke kwana ina jin tarinki... amma kullum Kiril, Kiril! Yanzu ga wanda ya ce zai zauna da mu, shi za ki kora?"

Kuka ya ci ƙarfinta.  Mama ta ɗaga kai tana kallon rumfar, inda ruwa ke ɗiga a hankali daga bakin rassan da aka datse.

Tsvetan ya sunkuya ya ɗauki jakarsa.

"Ki yafe ni, Goggo. Desi... ba zan raba ki da mahaifiyarki ba."

Ya nufi ƙofar gida. Desislava ta kasa ɗaga ƙafa, ta kasa kiransa. Ta tsani Kiril, ta tsani rumfar, ta tsani kanta.

"Kai! Mai zane!"

Muryar Mama ce. Ya tsaya.

"Gidan uban wa za ka? Ka yanke rumfar rabi ka tafi ka bar min ita tana kuka?"

Mama ta shiga ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida, ta fito da tulun giyar inabin da mijinta ya haɗa kafin ya rasu. Ta dangwara masa a ƙirji, fuskarta a murtuke, hawaye na bin kumatunta.

"Wanda ya yanka shi ke zuba mata a gindi, ya roƙa wa gida albarka. Zuba! Kuma ka sani, wanda ya zuba bana shi zai zuba baɗi, har ranar da za a fitar da shi a akwatin gawa."

Tsvetan ya ajiye jakarsa ya karɓa.

"Na ji, Goggo."

"Mama ake cewa, sakarai."