Jinin da Aka Ƙara wa Kaltume

Ranar da Tijjani ya fara ganin Kaltume a guje yake. Ma'aikaci ne a ɗakin ajiyar jini na asibiti, ya zo Kurmin Mashi yana roƙon magidanta su riƙa ba da jini saboda marasa lafiya, sai wani ya ce ai sayar da shi ake yi. Nan take aka bi shi da jifa. Ya faɗa zauren farko da ya gani a buɗe, ya tarar da wata budurwa tana jingina allunan ɗalibai a bango.

"Zauna, ba mai shigowa zauren Malam Maliki da dutse," in ji ta. Ta dubi jakarsa. "Kai ne sauron da ake faɗa?"

Bai iya ko murmushi ba. Amma sunan ya bi shi, shi kuma zuciyarsa ta ƙi barin zauren.

Kaltume 'yar Malam ce, tana kwalejin horon malamai, a shekarar da gwamnati ta buɗe firamare kyauta ga kowa. Da ya fara zuwa zance, ita ce ke ƙarfafa shi duk ranar da ya yini ba wanda ya miƙa hannu.

"Malamata, na gaji. Jiya ma wata ta rasu a ɗakin haihuwa, maza sun fi goma a baranda suna cewa kwana ya ƙare."

"Ka koma gobe, Saurona. Ni ma iyaye korata suke yi in na je neman su sa 'ya'yansu mata a makaranta."

Malam bai hana ba, bai kuma amince ba. Ya ce yana tsoron ba da 'yarsa ga mai aikin da jama'a ke ƙyama. Ƙanwarsa Goggo Hansai kuwa ta fi son Idris, akawun ma'aikata mai sabuwar Besfa, wanda ke faɗa a majalisa cewa Tijjani ba zai ƙare lafiya ba.

Ana cikin haka, motar da ta ɗauko Kaltume daga koyon aikin koyarwa ta kife a Rigachikun. Tijjani na bakin aiki aka shigo da ita, leɓunanta sun yi fari. Likita ya ce a nemo jini kafin la'asar. A firjin asibiti babu irin nata ko kwalba ɗaya.

Ya fita baranda. Dangi sun cika ta, har da Idris. Ya roƙe su su bari a gwada jininsu. Wani ya ce yana azumi, wani ya ce jiri yake yi masa, Idris ya ce bari ya je ya kawo lemo. Haka muke a garin nan: mu cika asibiti da dubiya, mu bar mutum ya mutu a gabanmu, sannan mu ɗora wa ƙaddara.

Tijjani ya san nasa zai yi. Yana naɗe hannun riga Goggo Hansai ta tare shi.

"Yaro, ka san abin da za ka yi? Nono ma da yake fari yana haramta aure, balle jini. In naka ya shiga jikinta ta zama ƙanwarka. Ba kai ba ita har abada."

Tijjani ya saki hannun rigar. Ya juya wajen Malam, wanda ke zaune a benci da casbi, yana fatan ya ƙaryata ta.

"Ban sani ba, Tijjani," in ji Malam a hankali. "Ban taɓa cin karo da mas'alar ba. Ba zan yi maka alkawari ba."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Ta tagar ɗaki yana hango ƙafarta, lallen da ta sa ranar Juma'a bai gama fita ba. Ya shiga ya kwanta a gado, ya miƙa hannu. Nas ɗin da ta soka masa allura ta tambaye shi me ya sa yake kuka, shi da yake soka wa wasu kullum.

Kaltume ta rayu. Amma maganar ta riga ta zaga unguwa, har mata na yi masa barka da samun ƙanwa. Ya daina cin abinci sosai. In ya ji sallama a ƙofar ɗakinsa a Abakpa sai gabansa ya faɗi. Da ya je duba ta, nesa da gado ya tsaya.

"Matso mana. Ko kai ma ka yarda?"

"Tsoro nake ji, Kaltume."

"Ni ma. Amma ko me Baba ya yanke, ba zan taɓa ce maka Yaya ba."

Malam ya tafi Zariya wajen malamansa, ya daɗe bai dawo ba. Ranar da ya dawo ya aika a kira Tijjani. Zauren cike da dattawa, Goggo na bayan ƙofa. Tijjani ya durƙusa.

"Mun duba, mun sake dubawa," in ji Malam. "Shayarwa Allah ya ambata, bai ambaci wannan ba, ni kuwa ba zan ƙara wa addini abin da babu a cikinsa ba. Ranar nan na ce ban sani ba, ka ji da kunnenka, duk da haka ka shiga. Ka turo magabatanka."

Tijjani ya sunkuyar da kai ya yi godiya.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura auren, Kaltume na ɗan ɗingishi har lokacin. Goggo Hansai ta zo a makare tana cewa ita dai har yanzu zuciyarta ba ta kwanta ba, amma ita ta riƙe hannun amarya har ɗakin miji. Kafin mota ta tashi, Malam ya dafa kan 'yarsa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Allah ya sa kada tsoro ya taɓa hana ku alheri."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.