Wanda Ya Danna "Na Amince"

Auta na durƙushe a falo tana yanka yadin wata kwastoma, sai ga Yaya ya faɗo gidan ko sallamar kirki babu, fuska a murtuke. Wai shi da matarsa da Gwaggo duk sun samu saƙo daga imel ɗinta, ana gayyatarsu su sauke wani app, wato manhajar waya. Ta ajiye almakashi ta duba wayarta, sai ga wata sanarwa da ba ta lura da ita ba: an ba wani app izinin ganin adireshin mutanenta da aika saƙo da sunanta.

Nan take Yaya ya yanke hukunci, an yi mata kutse. Ya tambayi wanda ya san faswod ɗinta, ta ce Dogo ne, kafintan da za ta aura, don shi ya buɗe mata imel ɗin lokacin da ta kama shagon ɗinki. Ai kuwa kamar jira yake. Da ma jininsa bai taɓa haɗuwa da na Dogo ba, wai ƙanwarsa ta fi ƙarfin mai warin katako. Ya tasa ta gaba har ɗakin Baba, ya zayyana yadda masu baƙin kishi ke bibiyar 'yan mata ta waya, Umma na gefe tana salati.

Aka kira Dogo. Ya zo ya durƙusa, ya rantse bai taɓa shiga imel ɗin ba tun ranar da ya buɗe shi. Baba ko kallonsa bai yi ba.

"Wanda ya fara leƙen asirinta tun tana gidana, me zai yi mata a gidansa? Maganar aure na dakatar da ita. Kada ka sake tako min ƙofa."

Dogo ya ce Allah ya huci zuciyarsa, ya tashi ya fita. Daga baya ya kira Auta, ya roƙe ta kada ta yi musu da Baba, ta dai canza faswod zuwa wanda shi ma bai sani ba, sannan ta bincika da kanta.

Ta sha kuka kam, don tana sonsa, kuma ta san zalunci aka yi masa. Amma Auta ba irin matan nan ba ce da ke kwanciya su ja bargo. Washegari a shago ta tura keken ɗinki gefe, ta shiga sashen tsaro na imel ɗin. Ta fara da na'urorin da suka taɓa shiga: wayarta ce kaɗai, babu ta Dogo, babu ta kowa. Sai ta koma kan apps ɗin da ke da izini. Ga na zanen riguna, ita ta saka shi. Ga na buga rasit, shi ma ta san da shi. Na ƙarshen ne baƙo, mai hoton zuciya ja, wai kana ɗora yatsa a kan kyamara ya faɗa maka ko jininka ya hau.

A nan ta gane ba katanga aka haura ba, ƙofa aka ƙwanƙwasa wani na gida ya buɗe. App ɗin bai san faswod ɗinta ba, izini ya nema aka ba shi. Ta janye izinin, ta goge shi, magana ta ƙare.

Amma kafin ta goge shi, sai da ta duba ranar da aka saka shi. Ranar ce ta bar wayar a caji a ɗakin Baba ta tafi sayen zare. Baba, mai 'yar ƙaramar wayarsa ta maɓalli, me ya haɗa shi da gwajin hawan jini? Tsoron kutse ya gushe, wani tsoron da ya fi shi ya shigo. Ta kira Dogo ta faɗa masa, tana zaton zai yi murna ya wanku. Shi kuwa cewa ya yi ta rufa wa tsoho asiri, kada ta yarda ta faɗi wannan a gaban Yaya, shi zai iya jira.

Ta bari sai da gidan ya yi tsit da rana, ta kai wa Baba shayi, ta zauna a ƙasa.

"Baba, tun yaushe ba ka jin daɗin jikinka?"

Ya juya cokali a shayin, ya amsa. Wai jiri ke ɗibarsa kwana biyu, bai so ya ɗaga musu hankali ana cikin hidimar aure. Wani abokinsa ne ya nuna masa abin, shi ne ya ɗauki wayarta ya saka shi. Wayar ta yi ta jero masa tambayoyi da ƙananan rubutu, shi kuma ba tabarau a kusa, ya dinga danna "Na amince" don ta ƙyale shi. Auta ta nuna masa a hankali abin da ya amince da shi. Tsohon ya dafe kai.

"Ashe ni ne mai kutsen. Yaron ya sani?"

"Ya sani, Baba. Shi ya ce kada in faɗa a gaban kowa."

Baba bai aika a kira Dogo ba. Hula ya ɗauka, ya sa Yaya ya tuƙa shi har shagon kafintan. A nan, cikin ƙurar katako, a gaban ma'aikata, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya nemi yafiya. Dogo ya zube yana roƙonsa ya daina, shi kuwa Yaya ya rasa inda zai sa ido. Daga can asibiti suka wuce, aka auna jinin da na'urar gaskiya, aka samu ya hau sosai, aka ɗora shi a kan magani. Ba a yi wata guda ba aka ɗaura auren.

To, 'yan'uwa, kafin ku ɗora wa mutum laifin kutse ku fara duba wa kuka ba izini da hannunku. Ke kuma da kike neman miji, ki lura da wanda aka zalunta, ya samu damar kunyata tsohonki, ya gwammace ya jira.