Shafi Biyun da Aka Yanke

Ranar Talata da hantsi Ungozoma ta faɗo ɗakin karatu ko sallama babu, ta dangwarar da waya a kan teburin Jan Biro.

"Anti, karanta. An kashe ni."

Jan Biro ce ke kula da ɗakin karatun, ta kuwa sami sunan ne saboda yadda take yi wa rubutun mutane jina-jina. Ita ta tara marubutan unguwa ta koya musu cin moriyar intanet: ƙamus, shafukan ɗora labari, da fayil ɗin haɗaka da marubuci ke buɗe wa abokansa su karanta. Ta gyara tabarau. Littafin Ungozoma ne, wanda ta shekara uku tana rubutawa tsakanin karɓar haihuwa da karɓar haihuwa. Ga babi biyar reras a wani shafin labarai, da sunan wani wai Baƙon Alƙalami, mutum dubu huɗu sun karanta. Kamfanin da zai buga littafin kuma ya aiko: ko wanda ya ɗora ya amsa ba nasa ba ne kafin Juma'a, ko su ɗauka ita ce ɓarauniyar, su fasa.

"Wa da wa kika buɗe wa fayil ɗin?"

"Ke, da Tela, da Mai Kemis. Shi ke nan."

Fayil ɗin haɗaka ba ya rufa wa kowa asiri, duk wanda ya shiga sai ya rubuta rana da lokaci. Jan Biro ta kwafe bayanan a takarda, ta fara da Tela. Ta same shi kan keke, da allura a baki.

"Malam Tela, ka ce mana littafin nan ya sa ka hawaye."

"Ƙwarai kuwa, Anti."

"Sau ɗaya ka buɗe shi. Minti biyu."

Keken ya tsaya. Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa. "Don Allah kar ki gaya mata. Sunan littafin kawai na karanta."

Maƙaryaci dai, amma ba ɓarawo ba. Sai Mai Kemis, wadda kowa ya san hassadar littafin na cin ta. Ta same ta a bayan kantar shagon maganinta, ta harɗe hannuwa.

"Na karanta, na kushe, ban kuma tuba ba. Amma yaushe aka ɗora babin farko?"

"Uku ga wata."

"Ni sai goma ga wata aka buɗe mini. Duba takardarki."

Haka ne kuwa. Jan Biro ta koma ɗakin karatu hannu rabbana, ta tarar da Ungozoma tana bin rubutun ɓarawon layi-layi, tana tsaki.

"Kin ga marar kunya? Har gyara ya yi mini! Shafi biyun nan na bayanin ɗakin haihuwa a babi na uku, ya datse su ƙaf."

Jan Biro ta ƙura wa wayar ido. Ita ba ta yin gyara a cikin fayil ɗin haɗaka. Takan sauke kwafi a kwamfutarta ta gida, ta yi yankanta, ta bar shi ya huce sati biyu kafin ta tura wa mai shi. Shafi biyun nan ita ta yanke su da hannunta, kuma ba ta tura wa kowa ba tukuna. Kwamfutar kuwa mutum biyu ne ke taɓa ta a duniya.

Da ta koma gida bayan la'asar ta tarar da Baba, mahaifinta, a falo, yana goge tabarau. Tsohon hedimasta, wanda ya shekara talatin yana kora yara gida kan satar amsa. Ita ta buɗe masa shafin labaran nan a bara, don ya daina zaman shiru tun rasuwar Mama. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, wane suna kuke amfani da shi a shafin nan?"

Bai ɗago ba.

"Wanda aka ɗora, kwafina ne, mai gyarana a ciki. Babu shi ko'ina sai a kwamfutar can. Tela bai karanta ba, Mai Kemis ta makara. Saura ni da ku."

Ya daɗe yana murza tabarau ɗin. "Labari goma sha ɗaya na ɗora nawa," ya ce a hankali. "Mutum bakwai suka karanta, uku daga ciki ni ne. Na ga wannan a kwamfutar, na ce bari in sa babi ɗaya in ga ko shafin ne ya lalace. Kafin azahar mutum ɗari biyu na roƙon ci gaba. Suna ce mini gwani." Ya ajiye tabarau ɗin. "Na kasa dainawa."

Kunya ta rufe ta, har ta rasa ta wa take ji, tasa ko tata. Amanar da aka ba ta a gidanta aka ci, kuma mutumin da ya koya mata riƙe biro ne ya ci.

Wayarta ta yi ƙara. Ungozoma ce.

"Anti, kin gano shegen?"

Kalmar ta fito sarai, har Baba ya ji. Ya miƙo hannu.

"Kawo. Ni na ɗauka, ni zan faɗa."

Ya kara wayar a kunne. Ya gaishe ta, ya tambayi aiki, ya tambayi yara, ya sake tambayar aiki. Sannan ya rufe ido.

"'Yata, shegen da kike nema ne ke magana."