Abin da Aka Ɓoye a Ƙofar Baya

Gilashin mota ne ya maƙale mata, shi ya kawo ta garejin. Makaniken ya ɗago zai amsa sallamarta, sukudireba ta suɓuce daga hannunsa.

"Injiniya, a hankali dai," ta ce tana dariya.

"Ke za ki bi ni a hankali, ranki ya daɗe."

Daga ranar suka shiga waya ba dare ba rana. Da Baba ya ji, ya ce 'yarsa ma'aikaciyar jinya guda ba za ta ƙare a hannun mai baƙin farce ba. Ɗan amininsa yake mata sha'awa, wani dillalin motoci, wanda ya ba ta aron motar da take hawa.

Ran nan dillalin ya roƙe ta ta miƙa motar wurin abokinsa a bayan gari. A hanya ƙofar motar ta baya ta dame ta da ƙara, ta biya gareji.

Injiniya ya kwance kusoshi, ya ɓalle maƙallan roba ɗaya bayan ɗaya, ya cire murfin cikin ƙofar. Sai ya tsaya cak. Ƙullin leda ne jere, an naɗe da salatif, maƙare da miyagun ƙwayoyi.

"Na shiga uku!" ta ce. "Wallahi ban san da su ba. Ga shingen 'yan sanda a hanyar da zan bi!"

"Na sani, Zinariya. Kada ki taɓa komai, ni zan kira su."

"Za su ce kai ne!"

"Gara ni da ke."

Ya danna waya, 'yan sanda suka zo. Suka ɗauki bayaninta, shi kuwa suka tafi da shi.

Kwana huɗu tana tura saƙo ga wayarsa da ke kashe: "Injiniyana, ko ruwa na kasa haɗiya. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi."

Saƙon da ya shigo mata na dillalin ne: "Ki kama bakinki, in ba haka ba har Babanki sai ya ji a jikinsa."

Ta daɗe a ƙofar ɗakin Baba kafin ta miƙa masa wayar. Ya karanta sau biyu, ya ɗauki hularsa.

"Zo mu je wurin 'yan sanda."

Saƙon nan shi ya sa aka kama dillalin. Da aka sako Injiniya, ya rame, Baba ya riƙe hannunsa ya kasa sakewa.

"Ɗana, ka yafe mini. Turo magabatanka."

Ranar da za a kai ta ɗakinta, Baba ya dafa kanta da na Injiniya.

"Allah Ya tsare ku da tsarewarSa, Ya ba ku zuriya ta gari."

Suka amsa da amin a tare, hawaye na bin kumatunta.