Golan da Ya Bar Raga

A can baya, a wani gari na ƙasar Sifaniya, an yi wani gola. Ƙwallo ta zo ta dama, ya cafke. Ta zo ta hagu, ya cafke. Shekara goma sha biyu yana tsaron raga, bai taɓa ɗaga kofi ba.

Ran nan ƙungiyarsu ta kai wasan ƙarshe. Ana dab da tashi, babu wanda ya ci, sai wani ɗan wasan abokan karawa ya yanke jiki ya faɗi kusa da shi, ba ya numfashi. Alƙalin wasa bai gani ba.

'Yan kallo suka ɗauki ihu, "Tsare raga! Tsare raga!"

Shi kuwa ya bar raga, ya durƙusa yana danna ƙirjin mutumin, yana kiran likita. Ƙwallo ta shige, kofi ya tafi.

Washegari wata tsohuwa ta yi masa sallama. Ta riƙe hannuwansa biyu, ta ce, "Ɗana, wanda ka ceta jiya shi kaɗai na haifa. Ya farfaɗo, har ya ci abinci. Na gode."

Golan ya share hawaye, ya ce, "Mama, ni ne da godiya. Tun jiya nake neman wanda zai faɗa mini ko yana raye."