Bangon da Ya Faɗi Kafin Ranar Gwaji

Safar hannu, kyamara, igiyar killace wuri, buhun gawa, da burodi biyu da Sufeto Hernán Valdebenito bai samu ya ci ba. Abin da ke bayan motar ke nan lokacin da suka bar tsakiyar garin Talca suka hau titin kudu.

Lahadi ce. Da hantsi ƙasa ta ɗan motsa, irin motsin da mutum ke ɗaga kai ya kalli fitila sannan ya ci gaba da shan shayinsa. Ba a jima ba aka bugo waya cewa bango ya faɗa wa wani mutum a ɗakin gwajin kayan gini da ke bayan gari.

Mataimakinsa Pincheira, wanda ke tuƙi, ya ce ai aiki ya ƙare tun ba su isa ba, ƙasa ce ta yi kisa, kuma ankwarsu ba ta shigarta.

Ɗakin gwajin babban zaure ne mai rufin kwano. An gina gajerun bangaye huɗu a ciki, kowanne ya ɗan fi mutum tsayi. Uku na tsaye a jere. Na huɗun, wanda aka saka cikin firam ɗin ƙarfe kusa da wani ƙaton jak, irin na ɗaga mota amma mai tura bango, ya zube. A ƙarƙashinsa aka zaro Osvaldo Retamal, ma'aikacin da ya tsufa a wurin.

Bulon sabon samfuri ne. Wani mai gasa bulo a garin Cauquenes, Don Froilán Canales, shi ya fito da shi: yana cuɗa yumɓu da garin katako, wuta ta cinye garin ta bar ƙananan ramuka, bulon ya fito ba nauyi, yana riƙe ɗumin ɗaki lokacin sanyi. Gobe Litinin za a gwada shi a gaban jami'an gidaje. In ya jure, da shi za a gina unguwa guda.

Sufeto ya zagaya bangayen nan uku. Ko tsaga babu. A bakin tebur akwai kofin shayi, rabinsa a iska, bai faɗi ba.

Ya durƙusa wurin gawar. Hannun dama a dunƙule yake a kan shuɗiyar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, murfinta a cire. Ya juya ɓaraguzan da ƙafa. A kan wasu bulo an ja layuka, shuɗi da ja, suna bin gefen da ya karye.

Wayarsa ta yi ƙara. Mai gabatar da ƙara ne. Shi ya riga ya gama nasa lissafin: girgiza ta ka da bangon da ba a ɗaure ba, saboda haka a tsare injiniyar wurin da laifin sakacin da ya jawo mutuwa, a kai ta kotu da safe. Sufeto ya nemi a ba shi zuwa faɗuwar rana. Aka ba shi da ƙyar.

Injiniya Maritza Alarcón na tsaye a ofishinta sanye da kayan zaman gida, an kira ta ne tana girki. Ta ƙi zama.

"Ke ke da alhakin wurin nan?"

"Ni ce."

"Mai gabatar da ƙara ya ce kin bar bango a tsaye ba ɗauri."

"Ya taɓa ɗaure bango a rayuwarsa? Ya zo in miƙa masa sifana."

Ta ce da hannunta ta duba kowace ƙusa ranar Juma'a. Ta ce makullin famfon da ke tura jak ɗin guda ne tak, yana jakarta, don haka ba wanda ya isa ya kunna komai a bayanta.

Sufeto ya ajiye rabin bulo a kan teburinta, shuɗin layin yana sama.

Ta daɗe tana kallon layin. Sannan ta zauna.

Ta bayyana masa yadda aikin yake. Ana danne bangon daga sama, jak ya tura shi gefe, ya jawo shi, a riƙa ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan kamar yadda ƙasa ke yi wa gida. Duk sanda tsaga ta fito sai a tsayar da famfo, mutum ya matsa ya bi tsagar da maka, shuɗi in turawa ce, ja in jawowa ce. Muddin mai zane na jikin bango, mai riƙe da famfo ba ya ko tari.

"Ke nan gwaji ake yi," in ji Sufeto.

"Gwaji ake yi."

"Da makullin da ke jakarki?"

Ta yarda akwai na biyu, yana hannun Osvaldo tun kafin ta fara aiki a nan. Ranar Juma'a ya roƙe ta ta bari a ɗan taɓa bango ɗaya a ɓoye kafin baƙi su zo, ta hana shi. Bai gaya mata wa ya sa shi ba.

"Me ya sa kika ɓoye? Kin san gidan yari ake shirin kai ki?"

"Matarsa na zaune a waje. Ba daga bakina za ta ji cewa mijinta ya karya dokar aikinsa ba."

"Mutum ɗaya zai iya zane yana kuma riƙe da famfo?"

"Sai in hannunsa ya kai tsawon motarka."

Ya bar ɗan sanda a ƙofarta ya fita.

Maigadin, Baldomero, ya rantse ko kyanwa ba ta shiga ba sai marigayi. Yana magana yana kau da baki gefe. Pincheira ya leƙa ƙarƙashin bencin ɗakin gadin ya jawo wani ƙaton tulun gilashi da aka saƙa wa kwando, babu takarda a jikinsa, ruwan inabin ciki ya sauka sosai.

Baldomero ya ce surukinsa ne ya kawo masa. Pincheira ya sansana bakin tulun ya ce lallai ya yi dacen suruki, domin wannan na Cauquenes ne, irin wanda ba a sayarwa a kanti, kuma in surukin na da wata 'yar a taimaka a gaya masa.

Sufeto ya tambaye shi ko ya fi son ya amsa a nan ko a caji ofis.

Sai labari ya canza. Da safe Osvaldo ya zo tare da wani dattijo mai faffaɗar hula. Dattijon ya miƙa masa tulun ya ce ya je bayan gini ya ɗanɗana. Ya je ya ɗanɗana. Ya ji ƙarar injin, ya ji wata babbar ƙara, amma a nan kullum fasa abu ake yi, bai tashi ba. Da ƙasa ta motsa ne ya zagayo, ya tarar da ƙofa a buɗe.

"Wane dattijo?"

"Mai bulon mana, yallaɓai. Amma ni ban ce komai ba."

A mota Pincheira ya ce shaidar mutumin da ya sha rabin tulu ba ta tsallake ƙofar kotu. Sufeto ya ce ya sani, ya kama hanyar Cauquenes.

Da la'asar suka isa. Ɗanyen bulo a shanye sahu-sahu a fili, hayaƙi na tashi daga matoya. Don Froilán ya tarbe su a tsaye, hula a kai, hannuwansa jajaye da yumɓu har gwiwar hannu. Ya ce ya ji labarin rasuwar, kuma ba wanda ya kai shi baƙin ciki, domin Osvaldo ne ya riƙe masa ɗa ranar baftisma.

Tulun kuwa, ya ce tun Juma'a ya aika da shi. Maigadin nan in ya sha ba ya bambance Lahadi da Kirsimeti. Shi yau ko ƙofar gida bai taka ba, yana bakin wuta tun asuba.

Sufeto ya gyaɗa kai, ya karɓi kujera, suka taɓa hirar itace da tsadarsa. Can ya tambaye shi yadda girgizar safe ta yi da su.

Don Froilán ya ce ta taɓa su sosai. Sahun bulo ya yi ta rawa, kaji suka watse, shi kansa sai da ya dafa gini.

Matarsa, Doña Ercilia, ta fito da shayi da soyayyen burodin kabewa. Sufeto ya miƙe ya karɓi faranti, ya yi mata jaje, ya ce yana fata kwanukanta ba su fashe ba.

"Wace girgiza? A rediyo na ji ta. Sun ce can wajen duwatsun Talca ne. Nan ko karen can bai ɗaga kai ba. Ka tambayi Froilán, ai shi da ya..."

Ta kalli mijinta. Ta ajiye butar shayin a hankali ta koma ciki.

Itace ya fashe a cikin matoya.

"Ka ji girgizar, Don Froilán," in ji Sufeto. "Na yarda ka ji ta. A Talca ka ji ta."

Dattijon bai sunkuyar da kai ba. Ya ce ƙwarai ya je. Kakansa ya gasa bulo a filin nan, ubansa ya gasa, kuma ba zai tsaya kamar ɗan makaranta a gaban masu lakataye daga Santiago su gaya masa abin da ke cikin yumɓunsa ba tare da ya fara gani da idonsa ba. Osvaldo ya ƙi da farko. Ya matsa masa da zumunci har ya yarda.

Tsagar farko ta fito da wuri. Osvaldo ya ce masa ya riƙe famfo, shi ya zana. Aka jawo, wata ta fito. Aka sake turawa, sai wata doguwa ta ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Osvaldo ya tsayar da shi, ya matsa da makarsa.

"Yana zane yana gaya mini, 'Aminina, wannan ba zai wuce gobe ba.' Ni ake gaya wa haka. Na ce masa tsaga ba faɗuwa ba ce, a ƙara masa ƙarfi ya ga yadda zai zauna daram. Ya ce kar in taɓa. Na ce ya matsa gefe."

"Ya matsa?"

"Yana zane."

"Ka jira ya matsa?"

Don Froilán ya kalli hayaƙin.

"Ban jira ba."

Ya ce da ƙura ta lafa ya ga ƙafafun kawai. Ya kira sunansa, shiru. Ya mayar da jak ɗin baya ya kashe famfo. Yana tsaye a nan ƙasa ta motsa.

"Ban roƙe ta ba. Amma da ta zo ban kore ta ba."

Sufeto ya tambaye shi ko ya san injiniyar za a ɗaure a madadinsa. Ya ce masu takardu ba sa kwana a ɗaure, 'yan'uwansu na fitar da su. Kuma a rubuta wannan da kyau: ba bulonsa ne ya gaza ba, kwaɓin simintin maginan birni ne. A babbar girgizar shekarun baya da ta kwantar da rabin garin nan, gidajen da aka gina da bulon Canales suna tsaye.

Pincheira ya ce wancan tsohon bulo ne, mai nauyi, ba garin katako a cikinsa. Dattijon ya dube shi sama da ƙasa ya ce yaushe aka haife shi.

Da kansa dattijon ya miƙa hannuwa aka sa masa ankwa. Ya ƙi cire hular. A bakin ƙofa ya ɗaga murya ya ce wa matarsa kar a bar wutar ta mutu, akwai kaya a ciki.

Rana na gab da faɗuwa suka tsaya a ɗakin gwajin. Sufeto ya kira mai gabatar da ƙara daga bakin ƙofa, ya yi magana kaɗan, ya sallami ɗan sandan da ke gadin ofis. Ya gaya wa Maritza tana iya tafiya gida.

Ba ta tafi ba. Wani jami'in magajin gari ya riga ya iso, yana biye da ita yana magana ƙasa-ƙasa. Shawararsa ita ce a ɗage gwajin gobe, a zo da mota a kwashe sauran bangayen ba hayaniya, a ce ana makoki. An riga an yi wa iyalai alkawarin gidajen, hotuna sun fita, ba dole sai kowa ya ga bulon yana rugujewa ba. Bayan wata biyu in an manta, a duba abin da za a yi.

Ya juya ga Sufeto neman goyon baya. Sufeto ya ce shi bangon da ya faɗi ne nasa, na tsaye na injiniya ne.

Don Froilán ya ji komai daga bayan mota. Ya zuro kai ta ƙofar da Pincheira ya bari a buɗe.

"Kai, mai lakataye, ba wanda zai ɓoye mini bulo kamar kayan sata. Yarinya, ki gwada su. Ki kwaɓa simintin kirki ki gwada."

"An riga an gina su, Don Froilán," in ji ta. "Da simintin da za a gina wa mutane."

Pincheira ya tura kan dattijon ciki. Motar ta tashi.

Jami'in ya sa ƙafa zai bi ta cikin zauren. Maritza ta kama ƙofar ƙarfen da hannu biyu ta ja ta a kan layinta har ta bugi bango, ta bar shi a waje. Ta cikin ragar ƙofar ta yi masa magana.

"Ka gaya wa jami'an gidaje su zo a kan lokaci. Gobe zan tura ukun nan ɗaya bayan ɗaya har sai sun faɗi, a gaban kowa."