Atamfar da Habi Ta Ɗaura

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Zamanin Turawa, a Turba, aka yi wata budurwa Habi, doguwa, tsagen Gobirawa ya zauna mata a fuska. Ubanta ya rasu, yayanta Labbo masaƙi ke riƙe da gida.

Wata ranar kasuwar Isa, wani falke, Attahiru, ya kawo atamfa daga Maraɗi, mata suka ƙi ta don manyan furanninta. Sai ya hangi Habi, ya roƙe ta ta ɗaura ta zaga kasuwa. Kafin ta dawo, kaya sun ƙare.

Shi ke nan fa, sana'a ta samu. Isa, Sabon Birni, duk inda kasuwa ta ci, Habi na gaba tana taku, mata na biye suna neman irin na jikinta. So kuma ya shiga tsakaninsu, har yana kiranta hasken rumfarsa.

Amma kowace atamfa ta fita, saƙin Labbo ya kwanta. Amare suka daina zuwa gidan. Inna, uwar Habi, ta yi mata faɗa har da hawaye, cewa abincin gidansu take kashewa da jikinta. Habi ta yi alkawarin dainawa, kasuwa na ci ta sake fita, don ba ta iya kwana bakwai ba ta ga Attahiru ba.

A Sabon Birni Labbo ya tare ta, wuƙar yankan zare a hannunsa. Ya fizgi atamfar ya keta, ya mare ta har ta faɗi.

"Yaya, tsaya ka ji..."

"Ni ba yayanki ba ne, ɗiyar talla."

Attahiru ya taso a guje. Labbo ya kai masa sara, Habi ta shiga tsakani, wuƙar ta tsarge mata kafaɗa. Da Attahiru ya ga jini, ya zari turken rumfa ya sauke wa Labbo a hannu, ya ƙara, ya ƙara, har ƙashi ya fito. Da ƙyar mahauta suka janye shi.

Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, yatsun dai ba su sake riƙe zare ba.

Bayan Habi ta warke, Attahiru ya aiko neman aure, ya zo da kansa yana ba da haƙuri. Ta same shi a ƙofar gida.

"Habibata, don ke na yi."

"Na sani. Amma hannun nan shi ya ciyar da ni tun ina goye. Ba ni iya cin tuwonka Yaya yana kallo."

Ta koma ciki ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Attahiru ya koma Maraɗi, bai sake ƙetarowa ba. Labbo ya tsufa a zaure, ƙanwarsa na ciyar da shi. Habi kuwa ta ci gaba da ɗaura wa wasu fatake atamfa har Sakkwato, mayafi bisa tabonta, ba ta yi aure ba sai bayan rasuwar Inna.